Wace manhajar kira zan saka wa Inna kafin ta tafi Umara?

Maman Sadik: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Innarmu za ta tafi Umara cikin azumi in Allah ya yarda, kuma ba ta taɓa yin nisa da mu haka ba. Lokacin da Baba ya je Hajji da kati muke kiransa, kafin a gama gaisuwa kuɗin sun ƙare. Yanzu mun saya mata babbar waya. Wace manhaja zan saka mata wadda za mu riƙa jin muryarta kullum ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba? Ba ta karanta boko, a lura da wannan.

Alhaji na Kwari: Wa'alaikumussalam. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, ya karɓi ibada. Hajiya, ki saka mata biyu: WhatsApp da imo. A Saudiyya saƙon WhatsApp yana tafiya lafiya lau, amma kiransa yakan ƙi shiga, shi ya sa za ki ga yawancin mutanenmu da ke Makka da Madina imo suke riƙe da ita. Kowace ƙasa da tata dokar. A Dubai ma an toshe kiran WhatsApp, Botim muke amfani da ita. In kuwa China ce, sai WeChat.

Maman Sadik: Na gode Alhaji. Ashe abin ba ɗaya ba ne ko'ina.

Alhaji na Kwari: Ba ɗaya ba ne. Ni dai kiran intanet ya sauya mini kasuwa gaba ɗaya. A da sai dai a kwatanta mini kalar yadi da baki, in kaya sun iso in ga ba ita ba ce. Yanzu yarona yana tsaye a shago a Guangzhou ta China, ya kunna bidiyo, ya buɗe bandir, ya ɗaga shi a haske, in ce wannan a'a, wancan a ɗauko guda ɗari. Mu yi ciniki da mai kayan ina zaune a Kano. Abin da kawai nake kiyayewa shi ne sun riga mu da awa 7, don haka da asuba nake kira.

Injiniya: Bari in ɗan ƙara haske a kan dalilin arahar, don Aunty ta natsu. Kiran kati yana bi ta layin kamfanin nan zuwa na kamfanin can ƙasar, kowannensu yana cire nasa kason, shi ne tsadar. Kiran intanet kuwa murya ake daddatsawa ƙanana-ƙanana a tura ta kamar yadda ake tura saƙo, a can wayar ta sake harhaɗa ta. Data ba ta san nisa ba. Ki kira maƙwabciyarki ko ki kira Madina, abin da za ki kashe ɗaya ne. Kiran murya a WhatsApp bai kai cin megabayit 1 a minti ba. Bidiyo ne mai ci, yakan ninka haka sau da yawa. A cikin saiti, wajen ajiya da data, akwai maɓallin rage cin data lokacin kira, ki kunna a wayarki da tata.

Baban Ummi: Amma Injiniya datar ma ai ta yi tsada. Tun Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data, kowa ya ji a jikinsa.

Injiniya: Gaskiya ne Yaya, ta yi tsada. Sai dai ka lissafa da kanka: in minti ɗaya bai kai megabayit 1 ba, gigabayit 1 zai ba ka sama da minti dubu na magana. Je ka duba kuɗin minti dubu na kiran ƙasar waje da kati, za ka ga tazarar.

Ta Maraɗi: Mu ne muka fi kowa sanin daɗin abin nan. Ni ina aure a Katsina, iyayena suna Maraɗi, daga Jibiya ka tsallaka ka isa. Amma da yake lambarsu da +227 take farawa, kiran ƙasar waje ake lissafa mini, kamar na kira Faransa. Shekaru na yi ina yi wa mahaifiyata filashin, ita ma ta yi mini, alamar muna lafiya ke nan. Yanzu ina girki na jingina waya a jikin tukunya muna hira, ta ce in ƙara daddawa, ta ga jikokinta sun dawo daga islamiyya. Da na haihu, ranar ta ga fuskar jaririn, ba sai ranar suna ba. Wallahi wannan kaɗai ya ishe ni.

Malam Mai Allo: Masha Allah. Ni ma ban ƙi abin ba, amma kada a bar Inna da shi kaɗai. Dattijuwa ce, in data ta ƙare ko ta taɓa wani wuri ta kashe ta, za ku yi ta kira ba ya shiga, hankali ya tashi a banza. A tabbata tana da layin da za a iya kiranta kai tsaye, kuma a karɓi lambar shugaban tawagarsu da ta wata abokiyar ɗakinta. A nan gida ma haka ne. Ƙauyenmu sabis ɗin kira yana nan, amma na intanet sai an hau tudu. Kuma in abin gaggawa ya taso, lambar 112 ba ta WhatsApp ake kiranta ba.

Abu na biyu, tunda an taɓo bidiyo. Jama'a mu riƙa neman izini kafin mu danna shi. Kiran bidiyo shiga gida ne, sai da sallama. Mace tana cikin ɗakinta ba mayafi, ko mutum yana kwance, sai kawai waya ta buɗe da fuskar wani. A fara turo saƙo tukuna.

Maman Sadik: Wannan gaskiya ne Malam, Allah ya saka da alheri. To batun layi fa? In ta sayi na can, WhatsApp ɗinta zai ɓace ne?

Alhaji na Kwari: Ba zai ɓace ba. Ku buɗe mata WhatsApp da imo da lambarta ta gida tun a nan, ku gwada su. In ta sauka ta sayi layin can, akwai STC, Mobily da Zain, da fasfo ake yin rajista. A saka mata shi don data da kiran cikin gari. In wayar ta tambaya ko a sauya lamba, a ce a'a. Otal da yawa suna da Wi-Fi, amma bayan tarawi kowa yana kai, murya sai ta riƙa sarƙewa. Ki tuna sun riga mu da awa 2, lokacin da kuke shan ruwa su suna shirin isha'i ko sun shiga sallah. Da hantsinmu ya fi daɗin samunta.

Ɗalibi a Ingila: Salam iyayena da yayyena. Ga wanda ke da tsoho mai ƙaramar waya mai madannai, akwai hanya ta uku. Kakata ba ta da intanet kwata-kwata. Ina sayen kuɗin kira a Rebtel, ni ta manhaja nake kira, ita kuma wayarta ta yi ƙara kamar kowane kira. Viber ma tana da irin wannan tsarin. A da Skype nake amfani da ita, to Microsoft ta rufe ta a watan Mayun 2025. Ba kyauta ba ne, amma ya fi kira da layin nan sauƙi nesa ba kusa ba.

Kuma Aunty, kiran WhatsApp yana ɗaukar mutum har 32 a lokaci guda. Da aka yi rasuwa a gidanmu bara, ta haka muka zauna da ƴan'uwa na Kaduna, Jidda da Kumasi aka yi addu'a tare aka tsara komai. Ban samu zuwa ba, amma na ji muryar kowa, kuma na samu sauƙi a raina. Zoom ta kyauta minti 40 take ba taro ta yanke, shi ya sa muka bar ta.

Hajiya Babba: Ƴata, ki ja wa Inna kunne a kan abu ɗaya. Duk wanda ya kira ta ya ce ta karanto masa lambobi 6 da aka turo wayarta, ko ya ce daga kamfanin jirgi yake ko daga zauren alhazai, kada ta bayar. Haka aka ƙwace WhatsApp ɗin ƙanwata, aka bi dangi ana roƙon kuɗi da sunanta. Ki sa a saka mata lambar sirri ta mataki na biyu, ke ki riƙe.

Injiniya: Hajiya ta faɗi babba. Akwai kuma wurin da ake sa kiran baƙuwar lamba ya shigo shiru ba ƙara, yana ƙarƙashin saitin sirri. Tunda ba ta karatu, ki sa hoton kowannenku a kan lambarsa, ki fito mata da mutum uku ko huɗu a fuskar wayar, ta danna hoto kawai.

Maman Sadik: Alhamdulillah, na yi duk yadda kuka ce. Ɗazu Sadik ya shiga ɗaki ya kira ta ta imo, ta ga fuskarsa ta ɗauka da kanta, har sau uku muka maimaita. Saura ta iya kashewa, don in an gama sai ta ajiye wayar a buɗe. Caji fa? Na ji an ce kan soket ɗinsu daban ne.

Alhaji na Kwari: Mai baki uku ne irin namu, cajarta za ta shiga. Ki dai haɗa mata da ƙaramin fawa banki a jakar hannu, don in ta shiga Harami tun la'asar ba za ta fito ba sai bayan tarawi. Kada a sa shi a babbar jaka, ba a yarda da shi a kayan awo ba.