Me za mu kira "sarva dharma sambhava" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin fassara. Kwana uku ke nan ina fama da wannan zance na mabiya addinin Hindu, a wani rubutu da nake mayarwa Hausa kan tattaunawa tsakanin addinai. Na tambaya a nan shekaranjiya, kun ba ni amsoshi, ga inda na tsaya.

Zancen na Sanskirit ne, tsohon harshen Indiya. Sarva, dukka. Dharma, addini ko tafarkin da mutum ke bi. Sambhava kuwa kalma biyu ce a haɗe, sama da bhava. Sama, daidai. Bhava, yadda abu yake a zuciyar mutum. Mahatma Gandhi ne ya yayata shi, yana cikin alkawura 11 da mazauna zawiyarsa ke ɗauka.

Yawancinku kun ce "haƙuri da juna". Ni ma shi na fara rubutawa, sai na goge. Ku dubi inda muke ajiye haƙuri a Hausa. Ana haƙuri da ciwo, ana haƙuri da talauci, ana haƙuri da maƙwabcin da kwatarsa ke malalowa ƙofar gidanka. Idan mace ta ce zaman haƙuri take yi a gidan miji, ba wanda zai ce mata barka. Abin da ake haƙuri da shi abu ne da aka so a ce babu shi. To wannan shi ne ainihin abin da Gandhi ya ƙi. A wasiƙun da ya rubuto daga gidan yarin Yeravda a 1930, ya ce kalmar Turancin da muke fassarawa da haƙuri ba ta kwanta masa ba, don tana iya nuna kana ganin addinin wani a ƙasa da naka. Idan muka sa haƙuri, mun cusa masa a baki maganar da ya tofar.

"Zaman lafiya" kuma ya yi faɗi. Kasuwa ma ana zaman lafiya.

Wani Malam ya kawo ayar ƙarshe ta Suratul Kafirun, ya ce ai muna da namu: ku da addininku, ni da addinina. Allah ya gafarta Malam, a nan ne na fi jin tsoron kuskure. Ayar iyaka ta shata. Masu wannan zance kuwa ba iyaka suke nufi ba. A cikin Rig Veda, mafi tsufan littattafansu, akwai baitin da ke cewa gaskiya ɗaya ce, masana ke kiran ta da sunaye da yawa. Ramakrishna, wani malaminsu na Bengal da ya rasu a 1886, yakan buga misali da tafki mai mashaya da dama: Bahinde, wato mabiyin addinin Hindu, ya ɗiba a tasa ya ce jal, Musulmi ya ɗiba a tasa ya ce pani, Kirista ya kira shi da nasa sunan, ruwan kuwa ɗaya ne. Almajirinsa Swami Vivekananda ya kai wannan magana taron addinan duniya a Shikago ta Amurka ranar 11 ga Satumba 1893, inda ya ce su ba su tsaya ga jure wa sauran addinai ba, suna karɓar su duka a matsayin gaskiya.

Ni Musulmi ne, wannan ba aƙidata ba ce. Amma fassara amana ce. Ba ni da ikon rina maganar mutum ta koma launin tawa don mai karatu ya ji daɗi.

Sai wata 'yar uwa ta ce to a sa "daidaiton addinai". Hajiya, kin kusa, sai dai kin bar bhava a baya. Daidaiton addinai hukunci ne a kan addinan kansu, kamar an ɗora su a sikeli. Zancen kuwa yana magana ne a kan zuciyar mai kallo, yadda yake riƙon addinin wani. Gandhi bai nemi kowa ya bar nasa ba, hasali ma ya ƙi jinin a ja mutum daga addininsa zuwa wani. Abin da ya yi shi ne, a taron addu'arsa na yamma ana karanta ayoyin Alƙur'ani tare da nasu littattafan. Kuma kada mu ɗauka duk Bahinde ne ya yarda da haka. Bahinde ne, Nathuram Godse, ya harbe shi a Delhi ranar 30 ga Janairu 1948 yana kan hanyar zuwa wannan taron. Masu rushe masallacin Babri a Ayodhya ranar 6 ga Disamba 1992 su ma Hindu ne. Don haka a rubutu mu riƙa cewa ra'ayin su Gandhi, ba ra'ayin Indiyawa kaf ba.

Abin da na zaɓa: girmama addinai bai ɗaya.

Na san Gandhi ya yi ƙorafi a kan kalmar girmamawa ma, yana jin kamar babba ne ke shafa kan yaro. Amma a Hausa girmamawa sama take kallo. Yaro ke durƙusa wa dattijo, ɗalibi ke cire takalmi a zauren malaminsa. Ba ta da wannan warin raini. "Bai ɗaya" kuma ya ɗauko ma'anar kalmar sama ta Sanskirit: irin girman da ka ba naka, shi za ka ba na wani, ba ragi. Ya kuma yi mini aiki a wani wuri na dabam, don 'yan siyasar Indiya na amfani da zancen wajen bayyana matsayin gwamnatinsu, wadda ba ta kori addini daga harkar jama'a ba, cewa ta yi ba za ta fifita wani ba.

Ga yadda ya zauna a jimla: "Gandhi ya koyar da girmama addinai bai ɗaya, har ya sa ana karanta Alƙur'ani a taron addu'arsa." Na karanta wa mahaifiyata ita jiya da daddare tana tsince shinkafa. Ba ta nemi ƙarin bayani ba, sai ta ɗago ta ce, "To shi wane addini yake bi?"