Kamfanoni huɗu ne a kasuwa, to me ya hana data yin arha?

Mai_Shagon_Waya:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana harkar sadarwa ce. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, bayan su sun nemi kashi 100. Abin da muka sani a kasuwa shi ne, idan masu sayarwa suka yi yawa farashi sauka yake yi. Ga MTN, ga Airtel, ga Glo, ga 9mobile da ya sauya suna zuwa T2, ga kuma Starlink mai intanet ta tauraron ɗan adam ya shigo. To ina gizo yake saƙar? Haɗa baki suke yi, ko akwai wani dalili da mu ba mu gani? Sannan me ya sa mutumin ƙauye a Jigawa yake biyan kuɗi daidai da na Legas, amma ko saƙon murya sai ya hau tudu kafin ya tafi?

Injiniya_Faiba:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yi maganar haɗa baki, a fara bin hanyar da data take bi kafin ta iso wayarka. Hawa uku ce, kuma kowane hawa da irin tsadarsa.

Hawan farko daga ƙasashen waje ne zuwa bakin teku. A nan gogayya ta yi aiki sosai. Kafin 2010 igiyar intanet ta ƙarƙashin teku mai suna SAT-3 ce kusan kaɗai ake dogaro da ita, tana hannun NITEL, kamfanin waya na gwamnati a lokacin. A 2010 MainOne da Glo-1 suka iso, a 2012 WACS, bayanta ACE, a 2022 Equiano ta Google ta sauka a Legas, sai 2Africa a 2024. Saboda haka sarin intanet a Legas ya faɗi ƙwarai. Wannan hawan ba shi ne ke cin kuɗinka ba yanzu.

Matsalar tana hawa na biyu, wato ɗauko kayan daga Legas zuwa cikin ƙasa. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne. Sai an haƙa rami, an shimfiɗa bututu, an zura wayar faiba a ciki, wadda da haske take ɗaukar data, an gina ramukan dubawa a kan hanya, an kuma kafa ɗakunan na'urorin da ke ƙara wa hasken ƙarfi kusan kowace kilomita 80 zuwa 100, kowane da wutarsa. Kafin a sa diga a ƙasa kuma sai an biya gwamnatin jiha kuɗin izinin haƙa. Tun 2013 aka yi matsaya a kan naira 145 kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. Ekiti tana karɓar 4,500 kafin ta sauko zuwa 145 a 2020, a shekarar ce kuma Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Yi lissafi da kanka: kilomita 1,000 a kan naira 145 miliyan 145 ne, a kan 4,500 kuwa biliyan 4.5 ne, alhali ba a sayi ko taku ɗaya na waya ba. Shi ya sa kamfani yake zagaye wasu wurare.

Bayan an shimfiɗa ma ba a huta ba. Masu aikin titi suna tsinke wayar da katafila, masu haƙa kwata suna sara ta, ɓarayi suna tono ta da zaton jan ƙarfe ne a ciki, alhali gilashi ne siriri kamar gashi. Inda aka yi hanyar zobe, idan ta tsinke ta nan sai data ta zagaya ta can. Inda layi ɗaya ne tilo, gari guda zai zauna babu sabis har sai an zo an ɗinke.

Hawa na uku shi ne turken sadarwa, wanda muke kira ƙarfen sabis. Yawancin turakun ba na kamfanonin waya ba ne yanzu, sun sayar wa irin su IHS da American Tower, suna biyan haya. An daɗe ana ɗaure wani kaso na hayar da dala da kuma farashin man gas. Turken da babu wutar gwamnati, janaretansa na shan kusan lita biyu zuwa uku a awa. Ko da lita biyu ka ɗauka, awa 720 na wata lita 1,440 ke nan, ban da mai gadi da batura da gyara. Na'urorin da ke kai kuma na Huawei ne ko Ericsson ko Nokia ko ZTE, duk da dala ake sayensu. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. Kamfani yana karɓar naira yana biyan dala. MTN Najeriya, duk girmansa, ya bayyana asarar kusan naira biliyan 400 a 2024.

Game da Jigawa: turken birni faiba ce take ciyar da shi. Na ƙauye sau da yawa farantin nan mai kama da ganga ne yake karɓo masa daga wani turken, shi ma daga wani, kowane tsalle abin yana raguwa. Idan turke ɗaya a tsakiya man gas ya yanke masa, duk na bayansa sun mutu.

Hajiya_Tattali:

Injiniya, bayaninka ya fito da kuɗin da ake kashewa, kuma ban musa ko ɗaya ba. Amma kada Malam ya tafi da tunanin cewa gogayya tana nan lafiya lau. Huɗu ne a suna, biyu ne a aiki. MTN na riƙe da fiye da rabin layukan ƙasar, Airtel kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran biyun suna raba abin da ya rage, na 9mobile kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai. A garuruwa da yawa na Arewa layi ɗaya ne ko biyu suke kamawa da kyau. Wanda layi ɗaya ne yake kamawa a gidansa ba shi da zaɓi, ko da kamfani goma ne a Abuja. Ba sai an haɗa baki ba, idan babba ya ƙara, na biyu ba shi da dalilin tsayawa a ƙasa.

Mun ga abin da gogayya ta gaskiya take yi a ƙasar nan. A gwanjon lasisin wayar salula na 2001, MTN da Econet, wanda daga baya ya zama Airtel, kowanne ya biya dala miliyan 285. Ana cajin naira 50 a minti, ko daƙiƙa biyar ka yi sai ka biya minti cikakke, ana kuma cewa lissafin daƙiƙa ba zai yiwu da wuri ba. Glo ya shigo a Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa, kafin a ce kwabo sauran sun bi. Abin da ya sauya ba na'ura ba ce, sabon shiga ne mai yunwar kasuwa.

Sai dai gogayyar ma tana da fuska biyu, Indiya ce misali. Kamfanin Jio ya fara a Satumbar 2016, ya yi watanni yana ba da data kyauta, farashi ya rushe har ya zama cikin mafi arha a duniya. Ƙananan kamfanoni suka mutu ko aka haɗiye su, Vodafone da Idea suka haɗe a 2018, aka koma manyan 'yan kasuwa uku da na gwamnati. Daga nan aka fara ƙari: 2019, 2021, 2024. Mai dogon aljihu yana iya karya farashi har abokan hamayya su faɗi, sannan ya ɗaga. Gana ta bi wata hanyar: a 2020 hukumarsu ta ayyana MTN a matsayin wanda ya mamaye kasuwa, ta ɗora masa wasu ƙa'idoji da ba ta ɗora wa sauran ba. Habasha kuwa kamfanin gwamnati ne kaɗai har zuwa 2022, lokacin da Safaricom ya fara aiki bayan biyan dala miliyan 850 kuɗin lasisi.

Kuɗin lasisin nan ma abin dubawa ne. A Disambar 2021 MTN da kamfanin Mafab kowanne ya ci gwanjon lasisin 5G a kan dala miliyan 273.6. Gwamnati tana murnar kuɗin shiga, amma daga aljihun mai sayen data za a fanshe shi, kuma wannan adadin ya isa ya hana ƙaramin kamfani ko leƙowa. Ga harajin kaya, wato VAT, na kashi 7.5 a kan kowane kati.

Ma'aunin da duniya take amfani da shi shi ne kada gig ɗaya ya wuce kashi 2 cikin ɗari na abin da mutum yake samu a wata. A kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, naira 1,400 ke nan. A takarda Najeriya ta ci wannan jarrabawar. Amma manomi da mai talla ba albashi suke ɗauka ba, kuma gig ɗaya ba ya kai ɗalibi ko'ina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne talaka ya fi mai kuɗi biya a kan kowane gig, domin shi na kwana ɗaya yake iya saye, mai hali kuwa ya sayi na wata mai yawa a farashin sari.

A ganina gyaran yana wajen tilasta raba kayan aiki: faiba ɗaya kowa ya hau a farashi bayyananne, ƙaramin kamfani ya iya hawa turken babba inda ba shi da nasa. Shirin gwamnati na shimfiɗa faiba kilomita 90,000 zai yi amfani ne kawai idan aka bar ƙofarsa a buɗe ga kowa.

Ɗan_Damagaram:

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Bari in ƙara da na wajenmu. A Nijar ma huɗu ne: Airtel, Moov, Zamani wanda ya gaji Orange, da Niger Télécoms na gwamnati, ARCEP ce take sa musu ido. Bambancinmu da ku shi ne ba mu da teku. Wancan hawan farko da Injiniya ya ce ya yi arha, mu sai mun ratsa ƙasar wani kafin mu kai gare shi, ta Benin ko Burkina ko Najeriya, kuma duk wanda aka bi ta gonarsa sai an biya shi. Ga ƙasa mai faɗi, mutane a warwatse. Turken da zai ciyar da mutum dubu goma a Kano, a arewacin Tahoua ko Agadez 'yan ɗaruruwa zai samu, kuɗin kafa shi kuwa bai ragu ba, ya ma ƙaru saboda nisan kai mai. Inda rezo, wato sabis, ya fi wahala, hasken rana ne ya fi dacewa da turke, amma farantai da batura sai da tsaro.

Sannan a tuna da 14 ga Maris 2024, ranar da igiyoyi huɗu suka lalace a tekun Kodebuwa: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Yawan igiya bai hana ba, tunda duk hanya ɗaya suka bi.

Mai_Shagon_Waya:

Allah Ya saka da alheri, na ƙaru. Injiniya, to shi Starlink fa? Tunda daga sama yake zuwa, ba ruwansa da rami da man gas, ba zai tilasta musu saukowa ba?

Injiniya_Faiba:

Ba da wuri ba, Malam, domin ba kasuwa ɗaya suke ci ba. Starlink ya fara a Najeriya a Janairun 2023, ita ce ƙasar farko a Afirka. Abokin hamayyarsa shi ne mai sayar da intanet na gida da ofis irin Spectranet, ba mai sayen data ta naira 500 ba. Kuɗin farantin ɗaruruwan dubban naira ne, kuɗin wata kuma dala yake bi: a Oktoban 2024 ya yi yunƙurin ɗaga shi daga naira 38,000 zuwa 75,000, NCC ta ce ba da izininta ba. Kuma kowane yanki akwai iyakar abin da taurarin za su iya ɗauka, shi ya sa a ƙarshen 2024 aka dakatar da karɓar sababbin masu rajista a Legas da Abuja. Inda ya fi amfani shi ne makaranta ko asibiti ko kasuwar ƙauye da faiba ba ta kai ba. Babban farantin yana cin wuta wat 75 zuwa 100, don haka a yi lissafin batir da sola tun farko, a kuma kafa shi inda bishiya ko gini ba su tare masa sama ba. Mai son ya riƙa sayar wa unguwa ya sani cewa tsarin gida bai yarda da sake sayarwa ba, kuma sana'ar tana buƙatar lasisin NCC.

Abin da ke hannun mai saye shi ne ya sa kamfanonin su ji a jikinsu. A gwada layi biyu a wuri ɗaya da manhajar auna gudu, da safe da kuma tsakanin ƙarfe 8 zuwa 10 na dare lokacin da turke ya cika, kwana uku a jere. Sandunan sabis ba sa nuna cunkoso, ƙarfin sigina kawai suke nunawa. A raba kuɗin kowane tsari da yawan gig ɗinsa, a cire garaɓasar dare idan ba a amfani da ita, sannan a kwatanta. Tun 2013 ana iya sauya kamfani ba tare da rasa lamba ba, kyauta ne, a ofishin kamfanin da za a koma ake yi, da katin shaida.

Kafin a zargi kamfani da satar data kuma, a duba waya. Bidiyo a matakin inganci na 480 yana cin kusan rabin gig a awa, a 720 ya kan kai gig ɗaya ko fiye, kuma manhajar da kanta take ɗaga ingancin idan ta ga 4G. A kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, a hana sabunta manhajoji sai a kan wayfai, a duba ko hotuna suna hawa ma'ajiyar Google a ɓoye. A danna *323# a rubuta abin da ya rage, a kwatanta da ma'aunin data na cikin saitin waya bayan kwana biyu. Idan tazarar tana da yawa, a kira 300 a karɓi lambar ƙorafi. Idan ba su warware ba, a kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne, za su nemi waccan lambar ƙorafin, saboda haka a adana ta.