Hanyar lambu da yankakken icce, zai yi kuwa a Garwa?

Uwargida_Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Iskar farkon damina ta kayar mana da wani ƙaton dogon yaro a tsakar gida, maigida ya ce a faskare a yi girki da shi, ni kuma sai nake ganin asara ce. Na ga wasu hotuna a Facebook inda ake yanka gungume faifai-faifai a jera a ƙasa ya zama hanya, to ina so in yi irinta daga ƙofar kicin zuwa ɗan lambuna na zogale da yakuwa, don in Agusta ya kama wurin nan taɓo ne har idon sawu. Zai yi kuwa a nan ko gara za ta cinye? Kuma kaurin nawa ake yankawa?

Kafinta_Marwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Zai yi, amma ki sani hotunan nan na ƙasashen sanyi ne, su ba su da garar da muke da ita. Sa'arki ɗaya dogon yaro ne, jan cikinsa gara ba ta cika sonsa ba, farin gefen nan ne da ɓawon take fara ci, don haka a ɓare ɓawon tas. Da mangwaro ne da na ce ki bar wa maigida ya faskare kawai. Mai tronsonez, wato injin zarto, ya yanka miki kauri santimita 10, kar ya yi ƙasa da 8, siriri tsagewa yake. Kuma kar ki shanya a rana, zafin Garwa zai farfasa su, ki jingine su a inuwa iska na ratsa su har su bushe sannu a hankali, ko da haka ma wasu sai sun tsage, haka icce yake.

Babban aikin ma a ƙasa yake. A haƙa wurin kamar santimita 20, a zuba tsakuwa a daddage, sannan yashi a kai, yashin Binuwai ga shi nan kusa da ku, sai a dasa faifan a ciki a daidaita kansu, manya a tsakiya inda ƙafa ke sauka ƙanana su cike gefe, a cika tsakani da tsakuwa. In kika ɗora su kan jar ƙasa haka kawai ruwa zai kwanta ƙarƙashi su ruɓe.

ɗan_Njamena:
Anti ki jiƙa su da baƙin mai na mota, wurin masu vidanj, wato masu juyen man inji, kusan kyauta ne, gara ko kusa ba ta zuwa. Mu nan ma ina muka ga gungumen, tun wajen 2009 aka hana gawayi da sare ɗanyen icce, ku dai kuna shan daɗi wlh.

Maman_biyu_Ngaundere:
A'a ƙanena, baƙin mai kusa da abin da za a ci? Ruwan sama zai wanke shi ya gangara cikin yakuwar, ga yara na yawo ba takalmi. Gwamma a babbaka gindin kowane faifai da wuta har ya yi baƙi, shi ma yana taimakawa. Abin da ba wanda ya faɗa shi ne santsi, mu nan da ruwa ya fi yawa gansakuka ke kama saman iccen, in ba a kankare da burushin ƙarfe ba sai mutum ya zame da tukunya a hannu. Kar ki bari a goge saman ya yi sumul, ki bar shi da kaushin zarto.

Uwargida_Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baƙin mai kam na haƙura, rijiyarmu ma na nan kusa. Malam kafinta, gungumen ɗanye ne shakaf, in yanka yanzu ko in bari sai bayan damina?

Kafinta_Marwa:
Ki yanka yanzu Hajiya, ɗanye ya fi sauƙin yanka, ki ajiye a rumfa. Shimfiɗawa kuma sai Nuwamba in ƙasa ta tsane. Bana dai ki lallaɓa da 'yan duwatsu a taɓon.