Na kasa kayar da mugun janar ɗin labarina

Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙagaggen labarin kimiyya mai littafi uku, na maƙale a na ƙarshe. Mugun da ke cikin labarin hafsan soja ne da ya taso daga ƙaramin kwamanda a wani sansani a duniyar Mars, ya ƙwace rumbun ruwa da injinan iskar shaƙa, ya hamɓarar da gwamnatin farar hula. Hawansa ya zauna daram, domin saƙon rediyo tsakanin Mars da duniyarmu yana ɗaukar minti 3 zuwa 22. Kafin umarni ya iso daga gida ya gama ta'asarsa.

Faɗuwarsa ce ta gagare ni. Na sa jarumar labarin ta harbe shi, masu duba mini rubutu suka ce ya yi arha, wanda numfashin kowa ke hannunsa bai kamata harsashi ɗaya ya gama da shi ba. Na gwada cin amanar makusanta, irin wadda aka yi wa Julius Kaisar, shugaban tsohuwar Rum, sai mataimakinsa ya ƙwace labarin, janar ya koma ɗan kallo. Na gwada irin ta Napoleon, sarkin Faransa, a yaƙinsa na Rasha a 1812, runduna ta yi nisa da guzurinta. Wannan ta fi kwanta mini a rai, amma babin ya koma lissafin man roka da kayan abinci, ba zafi ko kaɗan.

So nake burinsa ya hallaka shi ba tare da na mayar da shi wawa ba. Wane kuskure guda ne mai wayo irin wannan zai tafka, har mai karatu ya yarda?