Kilo 21 a Marakesh, wa zai ba ni shawara?

Autan Zaure: Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da hantsi. Dan Allah shawara nake nema. Wurin aiki za su tura ni sitaj Kasablanka a ƙasar Maroko cikin Janairu, sai na ga ashe ƙarshen watan ne ake babban gudun nan na Marakesh, akwai na kilo 42 akwai rabinsa na 21, wlh tun da na gani zuciyata ta kwanta da na rabin. Ban taɓa wuce kilo 10 ba, shi ma zagayen sitad Seyni Kountché ne. Saura wata uku. Zan iya kuwa?

Baban Zaure: Wa alaikumus salam. Madalla ɗana, Allah ya sa albarka. Malam kana kusa? wannan naka ne

Malamin Wasanni: Ina nan Baba. Auta za ka iya, wanda yake gama kilo 10 bai faɗi ba wata uku sun ishe shi in ya riƙe tsari. Tsawon gudun kilomita 21 ne da mita 97 da rabi, a filin sitad kusan zagaye 53 ke nan, amma kar ka yi atisayenka duka a can don ƙasan filin tana da laushi kuma gudun Marakesh bisa kwalta ne, dole ƙafa ta saba da kwalta. Fita uku ko huɗu a sati. Biyu gajeru kilo 6 zuwa 8, sai dogo ɗaya ran Lahadi da asuba, ka fara da 10 ka riƙa ƙara kilo ɗaya ko biyu, in ka yi sati uku kana hawa na huɗu ka sauko jiki ya huta, har ka kai 17 ko 18. Ba sai ka yi 21 ɗin a gida ba. Sati biyun ƙarshe kuma ragewa ake, ba ƙari ba.

Malamin Wasanni: Kuma dogon gudun nan a hankali ake yin shi, yadda za ka iya hira da na kusa da kai numfashi bai yanke ba. In magana ta gagara to ka yi sauri da yawa. Nan ne samari suke ɓata shirinsu, kullum sai sun yi tsere da agogo, sati biyar gwiwa ta kama.

Autan Zaure: Na gode Malam. Ina kake ganin ya fi in bi?

Malamin Wasanni: Mu muna tashi daga sitad mu gangara bakin kogi ta Yantala, mu hau gadar Kennedy mu shiga Harobanda wajen jami'ar Abdou Moumouni mu dawo. Da sassafe kafin motoci su yi yawa. Ranar da hazo ya rufe gari har ba ka ganin tsallaken kogi kar ka fita, ƙurar hunturu tana cika ƙirji, rashin kwana ɗaya ba ya rage komi.

Alhaji Mai Kaya: Auta in ka sauka Kasablanka ka neme ni ta waya in haɗa ka da yarona, akwai takalman gudu masu kyau can sun fi na kasuwar Katako nesa ba kusa ba, ka sayi sabo dal ka shiga da shi

Malamin Wasanni: A'a Alhaji, da girmanka amma nan ban yarda ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takalmin da zai yi gudun da shi yanzu zai saye shi nan Yamai, ya yi dogayen gudunsa duka da shi ƙafa ta san shi. Sabo a ranar gudu kafin kilo 12 ya fasa mashi diddige da yatsu. In ya ga mai kyau can ya saya ya kawo gida don gaba.

Alhaji Mai Kaya: To ai ni kasuwa na sani ba gudu ba, na bi maganar Malam. Amma in gwanjo zai saya ya juya ƙasan takalmin ya duba, ya danna da yatsa, in ya mutu ba ya dawowa kar ya ɗauka komin arharsa

Malamin Wasanni: Wannan haka yake. Kuma ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar wuri kamar faɗin babban yatsa a gaba. Safa kar ta zama ta auduga zalla, tana riƙe zufa.

Ɗan Ader: Assalamu alaikum daga Tawa. Ni na yi gudun ga lokacin da nike karatu can, kuma abin da ba ku hwaɗa mai ba shi ne sanyi. Ƙanena sanyin Marakesh na Janairu ba irin hunturunmu ba ne, da asuba shina sauka ƙasa da digiri 10, ga duwatsun Atlas can gabanka da ƙanƙara bisa kansu, kuma mutum shina tsaye wurin tashi kusan awa guda cikin gajeren wando shina jiran a busa. Abin da munka riƙa yi, ka samu tsohuwar rigar sanyi wadda ba ka so ka ɗora bisa mayo, in an tashi jiki ya ɗumama ka tuɓe ka aje bakin hanya, da safar hannu mai arha. Amma kak ka yi gudun duka da kaya masu nauyi don in rana ta ɗaga zahi shina zuwa, na ga waɗanda sunka sa jaket har ƙarshe sun jiƙe sharkaf sun galabaita

Ɗan Ader: Hanyar kam shimfiɗe take babu hawa mai wahala, ana bi ta wajen lambun Menara da itatuwan zaitun. Wanda ya saba da zahin ƙasarmu numfashi ba ya ba shi wahala can, shi ya sa ma hatsarin shi ne ka ji jiki sakayau ka zuba da gudu tun farko

Ɗalibar Rabat: Yaya Auta barka, bari in ƙara da abin da na sani tunda ina nan. Jirgin Royal Air Maroc yana tashi daga Diori Hamani kai tsaye zuwa Kasablanka. Daga Kasablanka zuwa Marakesh ka shiga jirgin ƙasa na ONCF a tashar Casa Voyageurs, wajen awa uku ne, ka yanki tikiti tun da wuri don ƙarshen satin gudun mutane suna cika shi. Ka je tun Juma'a da yamma ko Asabar da safe saboda lambar ƙirji ana karɓarta kafin ranar, ka tafi da paspor ɗinka da takardar rajista a waya. Agogonmu ɗaya da na Nijar in ba cikin azumi ba, amma rana tana makara sosai, ƙarshen Janairu sai wajen 8 da rabi take fitowa a Marakesh, asuba ma wajen ƙarfe 7 ce, to ka lissafa sallarka da karin kumallo da tafiya wurin tashi kar su haɗe maka.

Autan Zaure: Kai ƙanwata wannan na asuba ban taɓa kawo shi a rai ba. Masauki fa? na ga gidajen baƙi na cikin tsohon gari suna da arha

Ɗalibar Rabat: Suna da kyau amma lungu ne mota ba ta shiga, kuma safiyar gudun ana rufe tituna taksi ba zai kai ka ba. Ka nemi otel a unguwar Gueliz ko Hivernage inda za ka taka da ƙafa zuwa wurin tashi. Batun kuɗi kuma ka canza sefarka zuwa yuro tun a Yamai, nan sai ka mayar dirhami, dirhami ɗaya kusan sefa 60 ne. Faransanci yana yi maka ko'ina. Sannan ka leƙa ofishin jakadancin Maroko kafin tafiya ka ji sharuɗɗan shiga na lokacin.

Alhaji Mai Kaya: Takalmi da mayo da wando a jakar hannu, kar ka sa su cikin balis. Balis yana iya kwana a wani gari kai kana wani

Hajiya Majo: Ɗana ni ta fannin lafiya zan shigo kuma ina so ka ji ni da kyau. Kafin ka ƙara nisa ka je a auna hawan jininka a saurari zuciya, in da hali a yi maka hoton bugunta, wasu masu shirya gudu ma suna neman takardar likita. In ba ka san matsayin jininka ba game da sikila ka je a gwada, akwai cibiyarta nan Yamai, don mai AS yana gudu lafiya amma dole ya kiyaye ƙishirwa da tilasta wa jiki. Na uku zazzaɓi. In masasara ta kama ka satin gudun ka haƙura da shi ko ka biya kuɗi, kuma in a can ta taso ka gaya wa likita daga ƙasar da ake cizon sauro ka fito a yi maka gwajin malariya, don su ba kullum suke ganinta ba. Ka tafi da takardar rigakafinka.

Ɗan Kabu-kabu: Hajiya ni tambaya gare ni, wasu abokaina in za su buga ƙwallo suna shan maganin ciwon jiki kafin su shiga wai ba sa jin gajiya, ba zai taimake shi ba?

Hajiya Majo: Ko kusa. Su ibuprofen da diclofenac in an sha a yi doguwar zufa suna iya taɓa ƙoda da ciki. In kuma tramol suke nufi to wannan halaka ce, tana rufe ciwo mutum ya yi ta ɓarna a jikinsa bai sani ba, ga kamu, har hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta haramta ta a gasa tun 2024. Ka gaya masu ni na ce su bari dan Allah. Ruwa ma ba a ɗura shi ba lissafi, kurɓa biyu uku a kowane tebur ya isa, yawansa yana rage gishirin jini.

Ɗan Ader: Gaskiya Hajiya. Sai batun ci. Daren gudu ka ci abin da cikinka ya sani, shinkahwa ko taliya da miya marar yaji da ɗan kaza, ba ranar ɗanɗana abincin dandalin Jemaa el-Fna ba ce, miyarsu harira tana da wake-wake ciki tana tada ciki. Da sahe burodi da zuma da shayi awa biyu ko uku kahin tashi. Cikin aljihu dabino ukku ko huɗu da anka cire ma ƙwallo, ka ci wajen kilo 8 da kilo 14

Malamin Wasanni: Dabinon ma ya fara gwada shi nan a gudun Lahadi. Wasu sun fi son ɗan leda mai zaƙi da ake sayarwa don masu gudu, ni ban hana ba amma wanda bai saba ba yana sa shi amai.

Ɗalibar Rabat: Kuma yaya ran Asabar kar ka biye wa abokan sitaj, za su ce a zaga kasuwa a je masallacin Koutoubia a je lambun Majorelle, kafin dare ka taka kilo goma sha ba ka sani ba. Yawon ka bar shi sai bayan gudu.

Autan Zaure: To in na gaji a hanya in tsaya in taka, ba abin kunya ba ne? ƙasar zakarun gudu su Hicham El Guerrouj da Saïd Aouita ce fa

Ɗan Ader: Ni dai ra'ayina kak ka tsaya, in ƙahwa ta ɗanɗana tahiya tada ta da wuya, gara ka rage gudu ƙwarai amma kana ɗagawa

Malamin Wasanni: Nan mun ɗan saɓa da yayana. Takawa da aka tsara tun farko daban take da wadda gajiya ta tilasta. In ya ce kowane teburin ruwa zai taka minti ɗaya ya sha a natse ya ci gaba, yawanci ya fi isa da ƙarfi. Lissafin mai sauƙi ne, minti 7 a kilo zai kai ka cikin awa 2 da minti 28, minti 6 kuma awa 2 da minti 7. Kai na farko ne ka ɗauki na 7, kilo biyar na farko ka bar kowa ya wuce ka ko tsoho ne ko mace mai goyon jaka, in ka kai 15 kana da sauran ƙarfi sai ka saki ƙafa. Ka duba kuma iyakar lokacin da suka sa a shafin rajista.

Hajiya Majo: Man basilin a cinya da hammata, filasta a kan nono, maza suna raina wannan sai sun ga jini a riga. Farce a yanke tun kwana uku kafin.

Baban Zaure: Ɗana ka sa tutar Nijar ƙarama a mayonka, mutanen hanya su san daga ina ka fito. Kuma ka gaya wa mahaifiyarka ta sa maka albarka kafin ka biya kuɗin rajista

Autan Zaure: In sha Allah Baba, yau da dare zan je gida. Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, na kwafe komi. Malam Lahadin nan ƙarfe nawa kuke tashi?

Malamin Wasanni: Bayan sallar asuba a ƙofar sitad, 6 da kwata mun tashi. Kilo 10 za mu yi, ka zo da gorar ruwa da dabino biyu. Asabar da yamma kuma in kana da lokaci mu je mu duba takalmin tare.

Ɗan Kabu-kabu: Malam ni ma zan zo amma kilo 5 zan iya

Malamin Wasanni: Zo, sai ka juya daga gada