Gajerun firelud na Bach: shin sun cancanci lokacin ɗalibi?

Malamin Kibod:
Malamai, ina gaisuwa. Ina koyar da matasa kibod, kuma yawancinsu burinsu su iya raka waƙa ne kawai. Wani abokin aiki ya ba ni shawarar in riƙa ba su gajerun firelud na Johann Sebastian Bach, kiɗan share fage da ba ya wuce shafi ɗaya ko biyu. Shin kiɗan da aka rubuta wa hafsikod, wata tsohuwar na'urar kiɗa mai kama da piyano, a Jamus shekaru 300 da suka wuce yana da abin da zai ƙara wa ɗalibin yau?

Malama Mai Piyano:
Malam, yana da shi, domin asalinsu ma na koyarwa ne. A 1720, a garin Köthen, Bach ya buɗe wa ɗansa Wilhelm Friedemann littafi na musamman, yaron yana ɗan shekara tara. A farkonsa ya bayyana yadda ake buga adon kiɗa, ya kawo darasin da aka rubuta lambobin yatsu a kansa, sannan gajerun firelud suka biyo baya. Babban amfaninsu a wurina shi ne hannun hagu. Ɗalibin da ya saba danne sautuka uku da hagu yana jiran dama ta yi waƙa, idan ka ba shi firelud masu lamba BWV 933 zuwa 938 (BWV ita ce lambar kowane kiɗa a jerin ayyukan Bach), zai tarar cewa hagun ma tana da nata zancen, wani lokaci tana maimaita abin da dama ta faɗa, wani lokaci tana gaba. Da farko za ka ga ɗan yatsansa na huɗu yana maƙalewa, kafaɗarsa ta ɗage, amma da yake kiɗan gajere ne, yana iya kai ƙarshensa kafin ya karaya.

Tsohon Ɗalibi:
Na yarda da Malama, sai dai ina jan hankali kada gajartar ta yaudare mu. Waɗannan ba na sabon shiga ba ne, kuma wanda bai iya karanta rubutun kiɗa na hannu biyu ba zai wahala a banza. A fara da BWV 939, a bar sauran sai yatsu sun nuna. Haka kuma a hana ɗalibi taka feda, wato abin da ake takawa da ƙafa don tsawaita sauti, saboda hafsikod ba ta da ita, kuma fedar tana ɓoye kurakuran da ake son kunne ya kama.

Malama Mai Piyano:
Gaskiya ne. Zan ƙara da cewa François Couperin na Faransa ya sa firelud takwas a littafinsa na koyar da hafsikod na 1716, amma adonsu ya yi yawa ga mai koyo. Ga masu son raka waƙa kuwa, Malam, ka ba su BWV 924, ka sa su tattara sautukan kowane rukuni su danna su tare kafin su buga su ɗaya bayan ɗaya, domin a nan za su ga cewa haɗin sautukan da suka sani ne Bach ya warwatsa.