A Saka Batun Neman Sabuwar Jiha a Taron Zumuncinmu, ko a Bar Shi a Ƙofa?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Kwamitin shirya haɗuwarmu ta farko ya tsayar da Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah, a Kaduna, daga ƙarfe goma na safe zuwa La'asar. Abu ɗaya ya rage. Ɗan Azare ya kawo shawarar a ware awa biyu a tattauna batun sababbin jihohi, a kuma zagaya da takardar sa hannu. Hujjarsa ita ce: duk al'ummar da ake dannewa a jiharta, maganinta a ba ta tata jihar, kuma sa hannun jama'a shi ne matakin farko. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, amma ban da zagi.

Ɗan Azare: Na gode shugaba. A duba Gombe kafin 1996 da Gomben yau. A duba Dutse kafin 1991. Jami'a, asibitin ƙwararru, filin jirgi, sakatariya, duk jiha ce ta jawo su. Masarautun Katagum, Misau da Jama'are sun daɗe suna neman tasu, haka Kudancin Kaduna mai neman Jihar Gurara, haka masu neman Tiga da Ghari daga Kano. A zauren nan akwai mutanen duk waɗannan wurare. In mun haɗu ido da ido ba mu taɓa abin da ke damunmu ba, shinkafa kawai muka je ci?

Barista: Ɗan'uwa, kafin a yi gardamar alheri ko rashinsa, a fara gyara maganar sa hannu, don nan ne yawancin masu fafutuka ke zubar da kuɗinsu. Sashe na 8(1) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai san sa hannun talakawa ba. Ko mutum miliyan ya dangwala yatsa, takardar ado ce. Abin da sashen ya nema shi ne buƙatar ta iso Majalisar Tarayya da goyon bayan aƙalla kashi biyu bisa uku na zaɓaɓɓun wakilan yankin, a kowane mataki daban: sanatoci da 'yan Majalisar Wakilai, 'yan Majalisar Dokokin jiha, da majalisun ƙananan hukumomi. In wannan ya cika, sai ƙuri'ar raba gardama a yankin, ita ma kashi biyu bisa uku. Daga nan sakamakon ya tafi jihohi, rinjaye ya amince, wato aƙalla 19 cikin 36. Sannan ya dawo Abuja, inda ake neman sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360.

Matakin farko ma shi ke kayar da mutane. A watan Fabrairun 2025 kwamitin gyaran kundi na Majalisar Wakilai, ƙarƙashin Mataimakin Kakaki Benjamin Kalu, ya bayyana buƙatu 31, daga baya kuma aka ce babu wadda ta cika sharuɗɗan.

Ɗan Azare: To ai shi ya sa nake cewa a tara jama'a. 'Yan majalisa ba sa motsi sai sun ga taro.

Barista: Taro yana da amfani, amma a san inda za a nufa da shi. Ga misali. Mazaɓar sanatan Kaduna ta Kudu ƙananan hukumomi takwas ce: Jaba, Jema'a, Kachia, Kagarko, Kaura, Kauru, Sanga da Zangon Kataf. Muddin taswira ta tsaya nan, sanata ɗaya ake bi. Da zarar an jawo Kajuru da Chikun an shiga mazaɓar Kaduna ta Tsakiya, in aka ƙara Lere an taɓo ta Arewa. Haka Katagum: Azare da Jama'are suna Bauchi ta Arewa, Misau da Dambam suna ta Tsakiya. In sanatoci biyu ne abin ya shafa, biyu bisa uku na mutum biyu duka biyun ke nan. Ɗaya ya noƙe, magana ta mutu. Ga kuma ƙananan hukumomi: inda kantomomin riƙo ne a kan kujera, sa hannunsu abin ƙalubalanta ne a kotu, tunda sashe na 7 zaɓaɓɓu ya sani. Sannan kalmar “mutanen yankin” a batun raba gardama tana ɗauke da rigima. In aka fassara ta da duk masu rajista, a tuna cewa waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba.

Baba Mai Ritaya: Barista ya faɗi doka, bari tsoho ya ƙara da tarihi. Tun da aka sami 'yanci, sau ɗaya tak farar hula suka yanka ƙasa: Jihar Yamma ta Tsakiya a 1963, ita ma don gwamnatin tarayya ta lokacin tana son rage wa jam'iyyar Action Group ƙarfi a Yamma. Sauran duk soja ne. Gowon ya yi 12 a 1967, Murtala ya kai su 19 a 1976, Babangida ya ƙara Katsina da Akwa Ibom a 1987 sannan ya kai 30 a 1991, Abacha ya cike 36 ranar 1 ga Oktoba 1996. Soja da sanarwar rediyo yake yi, ba ya tambayar kansila.

Kuma wannan kukan ya girmi kowa a zauren nan in ban da ni. A 1957 Turawa suka kafa kwamitin Willink don jin tsoron da ƙananan ƙabilu ke yi, lokacin su Joseph Tarka na neman yankin Tsakiya. Rahoton 1958 bai ba da shawarar sababbin jihohi ba, ya ce a sa haƙƙoƙin ɗan'adam cikin kundi. Dalilinsu shi ne duk inda ka ja layi, za ka tarar da wasu tsiraru a cikin layin.

'Yar Kafanchan: Baba, da girmanka, wannan hujjar ta Willink an daɗe ana rufe mana baki da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba wanda ya ce jiha za ta kawar da kowace matsala. Abin da ake lissafawa a fili yake: kowace jiha sanata uku take da su, kuma sashe na 147 ya tilasta a ba ta aƙalla minista ɗaya. Gwamna ne ke riƙe da filaye a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, shi ke naɗa sarakuna, shi ke yanke inda za a shimfiɗa kwalta. Al'ummar da lissafin ƙuri'a ya nuna ba za ta taɓa fitar da gwamna ba, me kuke so ta yi? Haƙƙin da ke rubuce a kundi ba ya gina asibiti.

Baba Mai Ritaya: Gaskiyarki 'yata, ban raina kukan ba. Amma ki dubi abin da ya biyo bayan yankan da aka riga aka yi. An cire Katsina daga Kaduna a 1987, shekara biyar bayan nan aka yi rikicin Zangon Kataf. An cire Nasarawa daga Filato a 1996, bai hana rikicin Jos na 2001 da 2008 ba, ita kanta Nasarawar ta ga na ƙungiyar Ombatse a 2013. A Gurara ma, Bajju da Atyap da Ham za su zama manya, ƙananan ƙabilu da Hausawa da Fulanin da suka yi ƙarnoni a Jema'a da Kachia su koma tsiraru. Wane tanadi aka yi musu a takardar buƙatar? Wannan tambayar nake so duk mai neman jiha ya amsa, har da na Katagum.

'Yar Kafanchan: Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta rubutacciyar yarjejeniya tun kafin a miƙa buƙata: karɓa-karɓar gwamna tsakanin shiyyoyi, inda babban birni zai zauna, inda jami'a za ta zauna, da wa za a ba takardar zama ɗan asalin jiha. Amma Baba ka lura, masarautun da aka ba Atyap da Bajju a tsakiyar shekarun 1990, da waɗanda gwamnatin Makarfi ta ƙara, sun rage zafi ƙwarai. Wato ba mutane ikon kansu yana aiki. Jiha ƙarin wannan ne kawai.

Malamin Lissafi: Ku ba ni wuri in shigo da alƙaluma, don a nan ne za a gane dalilin da jihohi 19 ba za su amince cikin sauƙi ba. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Cikin kason jihohi, kashi 40 raba-daidai ne, 30 yawan jama'a, sauran 30 kuma faɗin ƙasa, ci gaban al'umma da ƙoƙarin tara haraji, goma-goma. A ce naira biliyan 100 za a raba. Jihohi na da biliyan 26.72, raba-daidai ya kama kusan biliyan 10.69, kowace jiha ta tashi da kimanin miliyan 297. In jihohi suka zama 37, kowa ya koma miliyan 289. Jihar da aka raba biyu ta tashi da 578 a maimakon 297, sauran 35 kowace ta yi asarar kusan miliyan takwas. To Ɗan Azare, riba a gare ku akwai ta, shi ya sa kowa ke so. Amma daga aljihun waɗanda za ku je roƙon ƙuri'arsu take fitowa. In kuma aka ce a ba kowa, kamar jihohi 18 da Taron Ƙasa na 2014 ya ba da shawara, dambu ya yi yawa, ba zai ji mai ba.

Sannan kuɗin da ya shigo yana da masu jiransa: gidan gwamnati, majalisa mai aƙalla mutum 24 kamar yadda sashe na 91 ya ce, kwamishinoni, manyan sakatarori, babban joji, motocin rakiya. Ga rabon kadara da bashi da fansho da tsohuwar jiha, wanda ke ɗaukar shekaru. Ga ma'aikatan da za a ce kowa ya koma jiharsa ta asali, mutum yana koyarwa shekara ashirin a gari, 'ya'yansa can aka haife su, rana ɗaya sunansa ya fita daga takardar albashi.

Ɗan Azare: Malam, duk da wannan lissafin, ka tambayi mutumin Jigawa ko zai koma ƙarƙashin Kano.

Malamin Lissafi: Ba zai koma ba. Amma ka tambayi mutumin Haɗeja yadda ya ji da aka kai babban birni Dutse, ka kuma tambayi dalilin da har yau ake jin kiran Jihar Haɗeja.

Barista: Akwai ƙofar da ta fi kusa ma. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma na riƙo ba su da haƙƙin karɓa. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, amma hukunci ne a hannu. Bibiyar kashi 20.60 ɗin nan ya fi sauƙi a kan neman sanatoci 73.

'Yar Kafanchan: Barista, ciyaman ɗin da gwamna ya ɗora ta hannun hukumar zaɓen jiha, ko kuɗin ya faɗa asusunsa kai tsaye, ka san inda zai kwana.

Hajiya Ma'aji: Ni dai ta taron nake. Mutum 140 suka rubuta suna, 62 suka biya karo-karo, kuma yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba sai hoto, wasu ma hoton fure ne. Zumunci a ƙafa yake, amma haɗuwar farko tana da ƙa'ida. Ɗakin taro na haya a cikin gari, da rana, ba gidan wani ba. Sunan wuri sai ana saura kwana biyu, ga waɗanda suka biya kaɗai. Duk wanda ba a san shi ba, mutum biyu na kwamiti su kira shi ta bidiyo, ko wani sananne ya tsaya masa. Rajista a bakin ƙofa da katin shaida. Mata su zo da rakiya in suna so, ba a cajin ɗan rakiya sai kuɗin abinci. A tashi da La'asar don na nesa kada dare ya yi musu a hanya, wanda zai kwana ya kama masauki da kansa. Kuɗi kuma a asusu mai sa hannun mutum biyu, a liƙa lissafi kafin a watse.

To a cikin wannan, ku ce a zagaya da takarda mutane su rubuta suna da lambar waya da ƙaramar hukuma a ƙarƙashin buƙatar siyasa? Akwai ma'aikatan gwamnati a cikinmu. Wani zai ɗauki hoton takardar, kafin Magariba ta zaga duniya da sunan zauren nan.

Barista: Hajiya ta taɓo wani abu. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke tun 2007 cewa taro ba ya buƙatar izinin 'yan sanda, amma in ajanda ta koma ta neman jiha, hikima ce a rubuta wa DPO na yankin sanarwa, a kuma faɗa wa mai ɗakin taro gaskiya, don wasu na soke haya ranar taro in suka ga alluna. Masu son fafutuka su yi rajistar ƙungiyarsu daban a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi (CAC) a matsayin amintattu: a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Kada a ari sunan zumunci.

Ɗan Azare: Na janye takardar sa hannu, tunda Barista ya ce ado ce. Awa biyun nan kuwa ban janye ba.

'Yar Kafanchan: Ni ma ina bayan a tattauna, amma bayan an ci abinci, kuma Baba ya riƙe agogo. Minti biyar-biyar.

Hajiya Ma'aji: Awa ɗaya, a ƙaramin ɗaki, wanda ya ga dama ya shiga, ba ɗaukar bidiyo. Kuɗin ƙaramin ɗakin kuma ba ya cikin karo-karo, masu muhawara su haɗa.

Shugaban Zaure: To shawara biyu ke nan: awa biyu a babban ɗaki, ko awa ɗaya a ƙarami. Za a buɗe ƙuri'a bayan Isha'i, a rufe jibi da azahar. Waɗanda ba su biya karo-karo ba, Hajiya na jiranku kafin Juma'a, don ranar za a ba mai abinci adadi.